Baƙo da cikinsa: yadda mutumin Gidan Amumune zai gane gidan abinci da tukuba ta kirki a birni

Idan kaka ta yi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, an sussuke wake an auna, sai hanyoyin gundumar Mayahi su cika da matafiya. Daga Gidan Amumune da ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, wani ya ɗora buhunan wake bisa amalanke, wani ya koro awaki biyu zai kai kasuwa, wani zai raka majinyaci babban asibitin Maradi, wani kuwa takardar haihuwar ɗansa zai je nema. Akwai malamin makaranta da aka kira taro, akwai wakilin ƙungiyar manoma da aka aika sayen taki. Buƙatunsu sun sha bamban, amma da rana ta take, abu guda ne yake tarar da su duka, wato yunwa a garin da ba nasu ba.

A gida mutum ba ya tambayar asalin abin da aka ajiye masa. Ya san wadda ta daka hatsin, ya san rijiyar da aka ɗebo ruwan, ya san mahaucin garin, har ma ya san akuyar wane ce aka yanka, da lafiyarta ko kuwa ciwo ne ya kayar da ita. Duk wannan sani a ƙofar gari yake barinsa ranar da ya hau mota. A birni sai ya tarar da tukwane jere, da hayaƙin nama ta kowace kusurwa, kowa yana kiransa, alhali kuwa kuɗin da ke aljihunsa gumin damina guda ne. In ya yi zaɓen tumun dare, hasara biyu ke jiransa: ta kuɗi, da ta lafiya. Wanda ya kwana yana zawo a tasha bai yi cinikin da ya kawo shi ba, kuma abin da ya samu na waken a wurin magani zai ƙare.

Hanya da zangunanta

Gidan Amumune ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Mayahi, a jihar Maradi. Wanda ya fito daga can, Mayahi ce birninsa na farko, a bakin Gulbin Kaba, kwarin nan mai yawan goriba. Daga Mayahi hanya ta rabu. Ɗaya ta yi kudu ta faɗa babbar hanyar ƙasa a Cadawa, daga nan sai Maradi, tafiyar kimanin kilomita 90 gaba ɗaya. Ɗayar ta nufi Tasawa, wadda take bisa wannan babbar hanya mai lamba 1, da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙonni, ta wuce Damagaram har Difa. Tsakanin Maradi da Tasawa akwai kimanin kilomita 120, ana ratsa Cadawa da Agye da Gazawa, kuma babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da mota za ta tsaya ba a kewaye ta da tallan abinci ba.

Ciyar da baƙo tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Tun zamanin fatake, ayari yakan sauka a zango, mata su fito da fura da nono da tuwo, mahauta su hura wuta, fatoma kuma ya ba baƙonsa ɗaki, ya nuna masa wanda zai yi ciniki da shi da wanda zai guje wa. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Tasawa ta wancan zamani cikin watan Janairu na 1851, a hanyarsa daga Abzin zuwa Katsina da Kano, kuma ya yaba da walwalar garin. Daga baya Faransawa suka ajiye kwamandansu a Tasawa, har zuwa 1927 da aka mayar da mazaunin mulki Maradi. Cinikin gujiya ya kawo manyan motoci, motoci suka kawo tasha, masu abinci kuma suka tashi daga zango suka biyo tasha. Wurin zama ne ya sauya, amma buƙatar baƙo tana nan yadda take: ya sami wanda zai nuna masa.

Wa ya kamata a tambaya?

A ƙasar Faransa, a 1900, wasu ƴan'uwa biyu masu kamfanin tayar mota, André da Édouard Michelin, suka buga wani ɗan littafi suna raba wa masu motoci kyauta, yana nuna musu inda za su sami mai, da makaniki, da wurin kwana. Daga 1926 littafin ya soma ba gidajen abinci tauraro, daga 1931 kuma taurarin suka kai har uku, kuma har yau masu dafa abinci a ƙasashe da yawa suna takara a kansu. Abin lura a nan shi ne, don masu tuƙi aka fara wannan littafi, domin su ne kullum suke cin abinci nesa da gida.

Tsakanin Mayahi da Tasawa da Maradi babu irin wannan littafi, amma masu tuƙin suna nan. Direban da yake bin hanya guda sau uku a mako, da yaron motarsa, sun ci a kowace rumfa, sun san wadda ta taɓa ɓata musu ciki, sun kuma san wadda suke komawa shekara da shekaru. Bayan su sai mai masauki, ko ɗan'uwa da ya daɗe a garin, ko ma'aikacin da iyalinsa ba su tare ba tukuna, yana cin abincin saye kullum. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai tambayar ma tana da hanya. Wanda ya ce « ina ne gidan abinci mai kyau? », ganin shi baƙo ne, za a nuna masa mafi tsada. Wanda ya ce « Malam, kai ina kake ci? », shi ne zai ji gaskiya. Ya kyautu a tambayi mutum biyu ko uku da ba su san juna ba. Sunan da ya fito sau biyu, can za a nufa. A yi hattara kuma da wanda yake da riba cikin amsar. Ɗan kabu-kabu yana iya zaɓen wuri mai nisa don kuɗin hanya ya ƙaru, ɗan kamasho kuma yana iya samun la'adarsa a wurin mai abincin. Masu manyan wayoyi sukan duba taswirar gari a ciki, amma abin da suke gani galibi otel-otel ne. Tsohuwar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo a bayan tasha ba ta cikin waya.

Shaida ta biyu ita ce jama'a. Inda mutanen gari suke cika benci, tukunya ba ta daɗewa, ana saukewa ana ɗora wata, saboda haka abincin da zafinsa ake cinsa. Inda kujeru suke da kyau amma babu kowa, ya kamata baƙo ya tambayi kansa tun yaushe miyar take jiran mai saye. Kowane abinci kuma da lokacinsa. Da safe koko da ƙosai, da waina, da shayi. Da rana shinkafa da dambu. Bayan la'asar tukuba take kankama. Da dare tuwo. Tsiren da aka tarar da sassafe, sau da yawa kwantan jiya ne.

Kowane wuri da irin nasa

Wuraren cin abinci a biranen nan sun kasu kashi huɗu. Na farko teburin mai shayi, inda ake samun burodi da soyayyen ƙwai da madara. A gaban mai saye ake soyawa, ruwan kuma tafasasshe ne, don haka haɗarinsa kaɗan ne, in dai kofunan wankakku ne.

Na biyu rumfar masu tuwo-tuwo, a tasha da bakin kasuwa da ƙofar asibiti. Nan ne talaka yake ƙoshi da kuɗi kaɗan: tuwon hatsi ko na masara da miyar kuka ko ta kuɓewa, shinkafa da wake da mai da yaji, dambu da zogale, ɗanwake, taliya. Ana sayen abincin daban, yankan nama daban, kowa gwargwadon aljihunsa. Babbar kasuwar Maradi tana cika ranar Litinin da ranar Juma'a, kuma a ranakun nan ne tukwane suka fi saurin ƙarewa.

Na uku gidan abinci mai tebur da kujeru da allon farashi. Sunan da Faransawa suke kiransa da shi, « restaurant », ya samo asali a birnin Faris cikin shekarun 1760, daga wani romon nama da ake sayarwa don maido da ƙarfin wanda ya galabaita. A Maradi ana samun irin waɗannan gidaje a hannun ƴan ƙasa da kuma baƙi daga ƙasashen gaɓar teku, ana cin shinkafa dafa-duka, da soyayyen dankali, da kaza, da zabo, da kifi, da bifteki, wato faffaɗan yankan naman sa da ake soyawa ko a gasa. Turawa da yawa sun fi son biftekinsu da sauran jini a ciki, har a Amurka da Ajantina akwai gidajen da suka shahara da wannan gashi kaɗai. A ƙasa mai zafi, inda ba kowane gida yake da firji mai aiki dare da rana ba, wannan al'ada ba abin koyi ba ce. In mai hidima ya tambaya, amsar ita ce « bien cuit », wato ya gasu sosai.

Na huɗu ita ce tukuba, kuma ita ce gidan naman Bahaushe. Babu baƙon da yake zuwa birni bai yi marmarin tsire ko balangu ba, kuma a nan ne ido ya fi buƙatar buɗewa.

Daga mayanka zuwa tukuba

Fawa sana'ar gado ce mai shugabanci. Kowane gari yana da Sarkin Fawa, wanda yake sanin abin da aka yanka da wanda ya yanka, yake kuma raba gardama tsakanin mahauta. A da, ranar da aka kayar da sa mai ƙiba, makaɗan kalangu ne suke sanar da gari. A zamanin yanzu an ƙara wani mai tsaro, shi ne malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo. Dokar kiwo ta 2004 ta ƙarfafa aikinsa: ya duba dabba tana raye, ya sake duba naman bayan fiɗa, in ya yarda da shi ya buga masa hatimi da tawada. Maradi tana cikin biranen da suke da mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi, tare da Yamai da Tawa da Damagaram. A ƙananan garuruwa akwai filin yanka da ake zuwa dubawa.

Wannan dubawa ba don wahalar da mahauci aka kafa ta ba. Malamin yana tsaga huhu da kaluluwa yana neman alamar tarin fuka, wanda yake kama shanu yake kuma kama mutane. Yana duba hanta saboda tsutsa. Yana yanka tsokar muƙamuƙi da harshe da zuciya yana neman wasu ƴan ƙwayoyi farare kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda in mutum ya ci su cikin naman da bai gasu ba, su ne suke zama tsila a hanjinsa. Mafi muni shi ne ciwon saifa, wanda yake kayar da dabba farat ɗaya, jininta ya yi baƙi ya ƙi daskarewa. Irin wannan nama ko fiɗarsa tana iya kashe mutum, balle cinsa. Wanda ya yanka a ɓoye a bayan gida, ya kawo nama da dare cikin buhu, wannan dubawar ce yake gudu, kuma arahar namansa daga nan ta fito.

Tsinken tsire ba ya ɗauke da hatimi. To, ta yaya baƙo zai sani? Ya zaɓi mai naman da ya rataye cinya ko haƙarƙari a fili, inda ake ganin tawadar, yana yanka yana ɗorawa a wuta a gaban kowa. Ɗanyen nama mai kyau ja ne mai haske, ba ya yauƙi, ba ya kore-kore, ba ya wari, in an danna shi da yatsa yana komawa. Ba abin kunya ba ne a ce « yankan yau ne? », kuma mahaucin kirki ba ya jin haushin tambayar. Al'ada ce ma ya miƙa ɗanɗano kafin a yi ciniki. In yaji ya yi yawa har ya rufe ɗanɗanon naman, wani lokaci akwai abin da ake so ya rufe.

Tsire ana yanka shi falle-falle, a soke a tsinke, a shafa masa garin ƙuli-ƙuli da yaji da mai, a kafa kewaye da wuta. Balangu kuwa manyan yanka ne da ake gasawa bisa waya a hankali. Shi ya sa balangu yana iya yin kyau a waje alhali cikinsa bai nuna ba, musamman kusa da ƙashi. A sa mai naman ya tsaga a gani. In da ja ko ruwan jini, a ce ya mayar wuta. Haka nan naman da aka tara gefe ya huce, a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki kafin a yayyanka. A dubi wuƙar da katakon: in da su ake yanka ɗanyen nama da kayan ciki, kuma da su za a yanka gasasshe ba a wanke ba, aikin wutar ya tashi banza. A dubi abin ƙunshewa kuma. Takardar buhun siminti, wadda ta zama ruwan dare a tukubobi, ba don abinci aka yi ta ba, haka ma tsohuwar jarida mai tawada. Matafiyin da ya sa ƙaramin kwano mai murfi cikin jakarsa ya huta da wannan.

Mutumin yankin nan yana da abin alfahari a wajen nama. Jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, a ƙasar Tasawa aka fi samun tsantsarta, kuma tun 1963 aka buɗe gidan kiwonta a Maradi domin kare irin. Wanda ya tashi cikin awaki ya san naman ɗan akuya, ya san na tsohon bunsuru. Wannan sani na gida kada ya bar shi a mota.

Kilishin Tasawa

Ba a ratsa Tasawa a koma gida hannu sake. Garin yana cikin waɗanda suka yi suna da kilishi a ƙasar Nijar, tare da Madawa da Gidan Rumji. Aikinsa na haƙuri ne. Ana zaɓen tsoka zalla, galibi ta cinya, a cire kitse da jijiya, a feɗe ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa kamar takarda, a shanya bisa gadon kara. In ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da tafarnuwa da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa bisa garwashi na ɗan lokaci. Iri uku aka sani: ja, wanda aka sa wa jan launi; fari, mai labu ba launi; da rumuzu, wanda mai da gishiri da kayan yaji kawai ake shafa masa.

A 2023, ƙungiyar Afirka mai kare haƙƙin ƙirƙira, wato OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta ba kilishin Nijar da albasar Galmi takardar shaidar asali. Ma'anarta ita ce sunan ya zama dukiyar masu sana'ar, kuma wanda zai sayar da kilishi da wannan suna sai ya bi ƙa'idar aikin. Saboda haka duk mai kilishin da ya cuci baƙo a bakin mota, ba baƙon kaɗai ya cuta ba, ya taɓa sunan gari da na ƙasa.

Mai saye ya riƙe lissafi guda. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen tsoka ruwa ne, kuma yawancin ruwan nan rana take shanyewa. Nama mai yawa ne yake ba da kilishi kaɗan, don haka kilishin kirki ba ya araha. In ya yi araha ƙwarai, a karya a duba: sau da yawa labu ne aka lafta, naman ba ya wuce fatar albasa. Kilishi mai kyau yana karyewa, ana ganin zaren nama a cikinsa, ba ya danshi, ba ya fumfuna, mansa ba ya ɗaci. Da damina, lokacin da rana take ƙaranci, sai an ƙara lura. In an saya, kada a ɗaure shi cikin leda da ɗuminsa, domin gumi zai ɓata shi kafin a kai gida. In ya bushe sosai aka ajiye shi inda iska take shiga, yana yin watanni.

Ruwa, hannu da ƙuda

Sau da yawa ba naman ne yake kayar da baƙo ba, ruwan ne. Jihar Maradi ta ga annobar amai da zawo a 2018, wadda ta soma daga gundumar Madarumfa cikin damina, ta kuma sake ganinta a 2021. Wannan ciwo, da zazzaɓin taifot, ta ruwa da hannu da ƙuda suke shiga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420.000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma a gwargwadon yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki.

Hukumar ta tattara rigakafin cikin ƙa'idodi biyar: tsabtar hannu da kayan aiki, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, har zafin cikin abincin ya kai digiri 70, ajiye abinci da zafinsa, sama da digiri 60, ko cikin sanyi, ƙasa da digiri 5, da aiki da ruwa mai tsabta. Ta ce kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a yankin Maradi, shinkafar da aka sauke da hantsi ba ta kai la'asar da lafiya.

Baƙo ba ya yawo da ma'aunin zafi, amma yana da ido. Kafin ya zauna, ya leƙa inda ake wanke kwanoni. In ruwa guda ne tun safe, ya yi kauri, to miyar ko ta fi zuma daɗi a wuce. Ya duba ko akwai buta da sabulu, ana zuba wa mutum ruwa a hannu, ko kuwa kwano guda ne kowa yake tsoma nasa. Ya duba ko tukwane a rufe suke, ko tururi yana tashi in an buɗe, ko rumfar tana bakin kwata mai ɗoyi. Ya duba randa: moɗa guda da kowa yake sha yake mayarwa, hanyar ciwo ce. Ɗanyen latas da tumatir da yankakkiyar albasa da aka bari a buɗe, gara a bar su in ba a ga wankinsu ba. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura ko zoɓo ba ta fi ruwan da aka yi ta da shi tsabta ba. « Inna, yaushe aka sauke? » tambaya ce ta ladabi, kuma amsarta tana bisa murfin tukunya.

In duk da haka ciki ya ɓaci, kada a jira. A soma shan ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a nufi likita mafi kusa, musamman in zawon ya zama kamar ruwan shinkafa.

Allo da lissafi

A gidan abinci mai tebur, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da makamin da mahaifinsa bai samu ba. Yawancin allunan da faransanci ake rubuta su, amma kalmomin ba su da yawa. « Riz » shinkafa ce, « viande » nama, « bœuf » naman sa, « mouton » rago, « poulet » kaza, « pintade » zabo, « poisson » kifi, « foie » hanta, « brochette » tsire. Musulmi ya riƙe « porc » da « jambon », domin naman alade suke nufi, ko da yake ba kasafai ake ganinsu a wannan yanki ba.

Sai lissafin kuɗi. Allo da tamma yake ƙidaya, baki kuwa da dala, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Abin da aka rubuta sai a raba shi biyar. In an ga 500 F, dala 100 ke nan, 750 F dala 150, 1.500 F dala 300, wato jika ɗaya da rabi. A tambayi farashi kafin a zauna, a kuma tambaya ko nama da burodi da ruwa suna ciki, domin gardamar bayan ƙoshi mai abinci ne yake cin ta. A garuruwan da suke kusa da iyakar Nijeriya, inda naira take yawo, a daidaita da wane kuɗi ake magana. A tukuba, a faɗi na nawa ake so, a ga abin da aka yanka kafin a barbaɗa yaji. Ma'aikacin da aka aiko aiki ya karɓi takardar shaidar biya. Manomin da ya sayar da amfaninsa kuwa ya ware kuɗin abinci a aljihu daban tun da rana. Ba a kwance ƙullin kuɗin wake da dare a gaban fitilar mai tsire.

Nauyin da ke kan kowa

Lurar baƙo ba ta ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, kuma akwai ma'aikatan tsabta da na kiwo da aka ɗora wa zagayen kasuwa da tasha da mayanka. Inda hukumomin gari suke karɓar kuɗin rumfa, haƙƙin masu rumfar ne a kai musu famfo, a gina makewayi, a kwashe shara, domin matar da take sayen ruwa garwa-garwa ba za ta zubar da na wanke-wanke sau biyar a yini ba. Sarakunan fawa kuma su ne suka fi kowa sanin mai yankan ɓoye, tun kafin malamin dabbobi ya ji labari. Masu abincin su ma su tuna cewa baƙon da ya ci ya tashi lafiya, baɗi da ƴan garinsu zai dawo.

Shi kuwa matafiyi, in ya gama abin da ya kai shi, ya hau motar Mayahi da ƙunshin kilishin yara a jakarsa, akwai sauran aiki guda a kansa. Da dare a dandali, in ana tambayarsa labarin birni da farashin wake, ya faɗi inda ya ci, ya kwatanta rumfar da tukubar, ya faɗi abin da ya biya, ya kuma faɗi inda ya leƙa ya wuce da dalilin wucewarsa. Wanda zai tafi kasuwa mai zuwa yana cikin masu sauraro.